Yadda Ake Gano Mazaunin Cutar Byler a Ƙwayoyin Gado

Cutar Byler tana hana ruwan maɗaciya fita daga hanta. Jariri ya kamu da shawara, ƙaiƙayi ya hana shi barci, ya ƙi girma, hantar kuma tana ta lalacewa. An fara bayyana ta a shekarun 1960 cikin al'ummar Amish ta Amurka, a zuriyar Jacob Byler. Kamar sikila take, sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar gado daga uwa da uba duka.

Don gano mazauninta, da fari likita zai tantance cewa ciwo ɗaya ne ke damun yaran. A wannan cuta sinadarin GGT ba ya hawa a jini, saɓanin yawancin toshewar maɗaciya. Daga nan sai a zauna da dattawa a bi salsalar iyali, wa ya haifi wa, har a kai ga kakan da aka haɗu a kansa. A ganina wannan zama ne ginshiƙin aikin, don in dangi ba su yarda ba, babu abin da na'ura za ta iya.

Sai a ɗebi jini, a ciro DNA, a duba ɗaruruwan alamomi da aka san wurarensu a kan kuromosom. Dabarar ita ce: a kowace haihuwa kuromosom ɗin iyaye na musanyar gutsattsari, don haka abin da aka gada daga kakan nesa yana ta raguwa. Yaran da dangantakarsu ta yi nisa, abu kaɗan ne ya rage musu iri ɗaya. Idan aka tarar dukkansu suna ɗauke da gutsure guda, ta wajen uwa da ta wajen uba, to da wuya a ce dace ne. Da marasa lafiya uku kacal, Roderick Houwen da abokan aikinsa suka nuna kuromosom na 18 a 1994, kan nau'in cutar mai sauƙi a Holan. A 1995 cutar Byler ita ma ta faɗa wannan wurin.

Abin da ya rage shi ne ƙaro iyalai, a ƙuntata yankin, a karanta ƙwayoyin cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A 1998 aka kama ƙwayar da ke haddasa cutar, ATP8B1.

Wasu yaran kuwa, masu alamu kusan iri ɗaya, gadonsu bai kai ga kuromosom na 18 ba. Iyalai daga Gabas ta Tsakiya ne suka kai masu bincike ga na 2 a 1997, inda aka samu ABCB11, ƙwayar da ke ƙera famfon da ke tura gishirin maɗaciya waje daga hanta.