Tallan Maganin Suga a Rediyo

Tambaya: Ana tallan wani magani a rediyo a Sokode, wai yana raba mutum da ciwon suga. Ina so in kai ƙara, amma ina tsoron a gane ni. — Wata uwa, Kpangalam

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai ƙarar. Ciwon suga lallaɓa shi ake yi, irin wannan talla kuwa kan sa mara lafiya ya watsar da maganin likita. Naɗi tallan a waya, rubuta sunan tashar da rana da lokaci. Aika wa hukumar HAAC mai sa ido kan gidajen rediyo a Togo, da Ma'aikatar Lafiya a Lome, ba tare da sunanki ba. Wasu za su ce ƙara marar suna ba ta da nauyi, amma muryar da aka naɗa ta isa shaida. Kada ki tunkari mai tallan da kanki.