Amsar Tambaya: In Ci Gaba da Littafi na Biyu?

Tambaya: Na gama Annihilation na Jeff VanderMeer, kaina ya ɗaure. Ƙawayena sun ce na biyun, Authority, gajiyarwa gare shi. In ci gaba?

Amsa: Malama, ki ci gaba. Littattafan uku, Annihilation, Authority da Acceptance, duk a 2014 suka fito. Na farkon ya bi mata huɗu cikin Area X, dajin da ke sauya halittar mai shigarsa. Na biyun ya koma ofishin hukumar da ke tura su: takardu da munafuncin ma'aikata. Gaskiyar ƙawayenki, yana jan ƙafa. Amma tsoron yana nan, har da wani tsiro a aljihun tebur da ya ƙi mutuwa. In cikakkiyar amsa kike jira kuwa, ko na ukun, Acceptance, ba zai ba ki ba.