Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Nasiha ga Mai Samo wa Jama'a Aiki

Ɗana, labari ya iske ni cewa kana shirin barin kamfanin da kake, bayan shekarun da ka yi kana haɗa masu neman aiki da masu neman ma'aikata. Na kuma ji kana ɗokin amsa kiran duk wanda ya fara yi maka tayi. Shi ya sa na ce bari in ja kunnenka. Wanzami ba ya son jarfa: ka saba zaunar da mutane kana yi musu tambayoyi, to yau zauna ka yi wa kanka irinsu.

Fara da sanin inda halinka ya dace, domin sana'ar taku gida biyu ce. Akwai kamfanin dillancin ma'aikata, inda albashi bai cika yawa ba, la'ada ce ke riƙe mutum. Idan ka samo ma'aikaci aka ɗauke shi, kamfaninku ya karɓi wani kaso na albashinsa, a gutsura maka naka. Idan ya ajiye aikin kafin wa'adin da aka yi alkawari, sai ku nemo wani ko ku mayar da kuɗi. Wannan gida na mai ƙafar yawo ne, mai jure jin "a'a" sau goma kafin azahar. Akwai kuma ofishin kula da ma'aikata a cikin banki, asibiti ko masana'anta. Can albashi tsayayye ne, amma za ka zauna da duk wanda ka ɗauka, kana ganin kuskurenka ko dacenka kowace safiya. Kai mai iyali ne, ka auna wanne ne zai bar ka ka yi barci.

Sannan ka zaɓi fage ɗaya ka ƙware a kansa. Wanda ya san injiniyoyin masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, ko ma'aikatan lafiya, ko masu aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri, ya fi daraja a kan wanda ke ɗaukar direba yau, akanta gobe, kuku jibi. Ka nemi shaidar ƙwarewa ta CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, wadda aka kafa tun 1968, domin ma'aikatu da yawa suna tambayarta. Ka gyara shafinka na LinkedIn kamar yadda kake sa wasu su gyara nasu, ka rubuta guraben da ka cike da kuma tsawon zaman da mutanenka suka yi a cikinsu.

Amma ga abin da ya fi damuna. Jarin mai sana'arka ba ya wuce sunansa. Kamfanin da ka shiga zai ara maka nasa sunan, mai kyau ne ko mummuna, kuma zai bi ka bayan ka bar shi. Don haka kafin ka tambayi nawa za su ba ka, tambayi yadda suke yi da talaka mai neman aiki. Shin suna da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kamar yadda doka ta wajabta? Suna karɓar kuɗin fom a hannun matasa? Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa ba a hannun ma'aikaci dillali zai karɓi ladansa ba. Ka tuna ranar 15 ga Maris 2014, da dubban matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice, bayan kowa ya biya naira 1,000. Turmutsitsi ya ci rayuka, har da na mata. Ga inda ake kaiwa idan aka mayar da mai neman aiki haja.

Idan kamfanin na tura mutane ƙetare ne, musamman mata masu aikatau a ƙasashen Larabawa, ka ninka bincike. Wa ke riƙe fasfonsu idan sun sauka? Wa za su kira idan an zalunce su? Duk wurin da aka kasa amsa maka waɗannan, ɗauki takalmanka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ranar da abu ya ɓaci, iyayen yarinyar ƙofar gidanka za su zo, domin fuskarka suka sani.

In kun daidaita, kada ka yi cinikin biri a sama. A rubuta maka albashi, kason la'ada, lokacin biyanta, da makomar la'adar da ka tara idan ka tashi tafiya. Ka tabbata ana zuba kuɗin fanshonka: dokar 2014 ta ɗora wa mai kamfani aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka, kai kuma kashi 8. Ka nemi mutum biyu da suka taɓa aiki a wurin ka ji ta bakinsu, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Inda za ka bari kuma, ka fita ta ƙofar da ka shigo. Ka ba su sanarwa a kan lokaci, ka miƙa aiki cikakke. Takardun jama'a da lambobinsu amana ce, kada ka kwashe su ka kai sabon wuri. Kasuwar taku ƙarama ce, wanda ka yi wa sallama yau shi ne zai ba da shaidarka gobe.

Ka yi shawara da na gaba da kai, ka yi istihara, sannan ka yanke. Abincin gidaje da yawa yana bi ta hannunka, ɗana. Ka zaɓi wurin da za ka haɗu da duk wanda ka samo wa aiki a kasuwa ko a masallaci ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Allah Ya yi maka zaɓin alheri, Ya sa albarka a cikin nemanka.