Kwamfuta Mai Cika Alkawari: Yadda Ake Shata wa Uwar Garke Jadawalin Aiki

Gabatarwa

A shekarar 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, kuma ya haɗa har da ƙasar Malumfashi. A wancan zamani, lissafin taki da iri da bashin manoma duk da hannu ake rubuta shi. Aiki ne mai maimaituwa, wanda mantuwar rana ɗaya kan ɓata. A yau ana iya ɗora wa kwamfuta wannan nauyi. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin haka, da kuma inda tsarin yake da rauni.

Mene ne cron?

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci suna aiki ne da babbar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991 bisa tafarkin Unix. A cikinsu akwai wata 'yar manhaja mai suna cron. Tana cikin bugu na bakwai na Unix na 1979, kuma a 1987 Paul Vixie ya sake rubuta ta. Aikinta guda ne: kowane minti takan duba jadawali, ta kwatanta shi da agogo, in lokacin wani aiki ya yi ta tashe shi.

Gurabu biyar

Ana buɗe jadawalin da umurnin crontab -e. Kowane layi aiki ɗaya ne, kuma yana farawa da gurabu biyar a jere: minti (0 zuwa 59), sa'a (0 zuwa 23), ranar wata (1 zuwa 31), wata (1 zuwa 12), sai ranar mako (0 zuwa 6, inda 0 take Lahadi). Alamar tauraro tana nufin "kowane". Bayan gurabun sai sunan aikin.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoman masara da auduga tana da uwar garke a Funtua. Ga layuka uku da za ta iya rubutawa:

30 6 * * 1 aika_farashi
0 22 * * * kwafi_littafin_bashi
0 8 * 5-10 * tara_awon_ruwa

Layi na farko yana cewa: kowace Litinin, da ƙarfe shida da rabi na safe, a aika wa mambobi farashin buhun masara ta waya. Na biyu yana kwafe littafin bashin taki zuwa wata ma'ajiya kowane dare da ƙarfe goma. Na uku kuwa yana tattara awon ruwan sama da ƙarfe takwas na safe, daga Mayu zuwa Oktoba, wato tsawon damina. Mai karatu ya lura cewa sunayen ayyukan misali ne kawai. Wajibi ne wani ya riga ya rubuta manhajar da za ta yi kowane aiki.

Inda gizo ke saƙar

Na farko, cron ba ta ramuwa. Idan wuta ta ɗauke da ƙarfe tara na dare ba ta dawo ba sai asuba, kwafin ƙarfe goma ya wuce ke nan. In aka yi rashin sa'a kwamfutar ta lalace washegari, bayanan takin da aka raba jiya sun salwanta, kuma gardama ta tashi tsakanin ƙungiya da manomi. Maganin wannan shi ne wata manhaja mai suna anacron. Ita takan rubuta ranar da aka yi kowane aiki, in kwamfuta ta farfaɗo ta ga an tsallake, sai ta rama. Sai dai da kwanaki take ƙirga, ba da mintoci ba.

Na biyu, agogo. Sau da yawa ana saita uwar garke a kan agogon GMT, alhali Nijeriya tana gaba da shi da sa'a ɗaya. Saƙon shida da rabi sai ya isa Malumfashi da bakwai da rabi, bayan manomi ya riga ya ɗora kaya a mota.

Na uku, kalanda. Aikin da aka sa a ranar 31 ba zai gudana ba a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Haka kuma cron ba ta san watannin Hijira ba.

Kammalawa

Cron agogo ta sani, ba ta san hadari ba. Tana iya aika saƙon shuka ranar 1 ga Yuni ko da ƙasa ba ta jiƙa ba. Saboda haka a bar mata aikin da lokaci kaɗai ke hukuntawa, a riƙa duba rahotonta kullum, a kuma bar wa manomi da malamin gona hukuncin da ke buƙatar ido.

Aikin gwaji

1. Rubuta layin da zai gudana kowace Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma.
2. Idan uwar garke tana kan agogon GMT, yaya za a gyara layin farko don saƙo ya isa Funtua da shida da rabi daidai?