Amsoshin Tambayoyinku: Takalmin Farauta Mai Tsada

Wani mai sauraronmu daga Bosso a Minna ya ce ɗan'uwansa ya aiko masa da takalmin farauta mai tsada daga Jamus, kwana biyu da sa shi ƙafarsa ta yi bororo. Yana tambaya, ko an cuce su ne?

To Malam, sannu da jiki, amma kada ka yanke wa takalmin hukunci tukuna. Fatarsa mai kauri ce, sai ta yi makonni a ƙafa kafin ta saki. Riƙa sa shi da safa mai kauri kana zagaya unguwa da yamma, sannan ka doshi duwatsun Paiko.

Juya shi ka dubi ƙasansa. In ka ga ɗan tambari rawaya mai rubutun Vibram, robar kamfanin Italiya ce da aka fara yi tun 1937, tana riƙe dutse sosai. In kuma an rubuta Gore-Tex, raɓar asuba ba za ta jiƙa maka safa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Da yawa daga irin waɗannan takalman don hunturun Turai aka ɗinka su, in naka na da rufin ɗumi a ciki, zafin Maris na Minna zai dafa maka ƙafa, sai ka ajiye shi zuwa sanyi. Kuma don Allah kada tsayinsa ya ruɗe ka, ba kowanne ne ke tare haƙorin kububuwa ko kasa ba. Kullum da safe ka zazzage shi saboda kunama. In ya jiƙe, shanya shi a inuwa, domin kusa da wuta fatar tsagewa take yi.