Aikin Nas a Wurin Sana'a: Darasi Daga Gubar Dalma ta Zamfara

A fahimtar jama'a da dama, aikin nas bai wuce yin allura da wanke gyambo da raba magani a asibiti ba. Sai dai akwai wani reshe na aikin jinya wanda ya shafi lafiyar mutum a wurin da yake neman abincinsa, wato masana'anta ko majema ko ramin haƙar ma'adinai. Nas a wannan fanni takan duba lafiyar ma'aikaci kafin ya kama aiki, ta riƙa bibiyarsa lokaci-lokaci, ta ba da taimakon gaggawa in an ji rauni, ta kuma adana bayanan cututtukan da take gani. Amma babban makaminta tambaya ce: "Malam, mece ce sana'arka, kuma a ina kake yin ta?"

Abin da ya auku a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ya nuna nauyin wannan tambaya. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaran na amai da jijjiga, har su suma. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi tasiri ba. Sai da aka auna jininsu aka gano gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar.

To, ta yaya dalma ta kai ga yaron da bai taɓa shiga rami ba? Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa. Maza kan kawo su cikin gari a niƙa a inji, mata kuma su daka a turmi a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kwanuka da tufafi, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Ke nan, wurin sana'a da ɗakin kwana sun zama abu guda. Wannan ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa, inda maƙeri da majemi kan yi aiki a ƙofar gida.

Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, amma amfaninsa kaɗan ne muddin yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Saboda haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A Bagega, yara sun jira har 2013 kafin a yi wannan aiki a fara ba su magani, jinkirin da ke da wuyar karewa. Cikin irin wannan hali aikin nas ya wuce ɗakin magani: za ta ɗebi jini, ta tabbatar an sha magani a kan kari, sannan ta shiga gidaje ta zauna da iyaye mata. Shawararta ba ta hana sana'a ba ce, domin wanda ke ci da zinare ba zai saurari mai cewa ya bari ba. Abin da take nema shi ne a fitar da niƙa bayan gari, a riƙa jiƙa dutse domin rage ƙura, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida.

Malamin makaranta ma yana da ruwa a ciki, domin dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta gushewa. Ɗalibin da ake kira daƙiƙi a irin waɗannan garuruwa, mai yiwuwa awon jini yake buƙata.

Aiki: Ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya da ake yi a cikin gida a garinsu, ya bayyana hanyoyin da haɗarinta zai iya kaiwa ga yara.