ITACE KO GAS: WANNE ZA A HURA A TSAKAR GIDA?

Da hunturu ya kama, a ƙasar Gumel babu gidan da ba a hura wuta a tsakar gida, ko don girki ko don jin ɗumi. A da ba a tambaya, itace ne kawai. Yanzu kuwa ga tukunyar gas ta shigo gari, mai kilo 3, da mai 6, da mai 12 da rabi, har masu gida da yawa suna shawarar wanne ya fi.

Akawu ko ɗan kasuwa da ke zaune cikin Gumel ko Maigatari, wanda dama sayen itace yake yi dami dami, gas ya fi masa. Ba hayaƙi, ba baƙin tukunya, uwargida kuma ta huta da jan ido da tari. Aibinsa shi ne kuɗi a dunƙule: sai an sayi tukunya da kai da tiyo kafin a ɗora ko ruwan shayi, ga farashin yana hawa yana sauka. Gas kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Saboda haka a aje tukunyar a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa, akwai ɓaraka. Ba a gwadawa da ashana.

Manomin ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar zancensa dabam ne. Shi gani yake itace kyauta ne, tun da bai sa hannu a aljihu ba. To, amma gona ce take biya. Ƙasar nan rairayi ce, ba ta da nauyi, bishiya da sauran kara su ke riƙe ta. Wanda ya kwashe karan gero ƙaf ya kai murhu, ya haɗa da kashin shanu, ya ƙone takin baɗi ke nan, iskar bazara kuma ta zo ta ɗebe fuskar gonar ta binne masa shuka.

Babbar hasara ita ce saran gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, watau ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma fid da ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman abin ci da wurin fakewa. Ganyen da kashin dabbobin duk taki ne, shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili tsawo da kauri. Shekaru ya yi yana wannan aiki, amma girkin 'yan makonni ya cinye shi.

Maƙwabta na ƙasar Nijar sun ga wannan tun bayan yunwar 1984. A Maraɗi da Magarya da Matamaye manoma suka koma sassaben zamani: in an zo sharar gona ba a tumɓuke tohon kalgo da sabara da gawo, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bari, a sare sauran. Cikin 'yan shekaru rassan da ake ragewa sun ishi murhu, bishiya kuma tana tsaye. Wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis zai sami baƙi daga can da za su ba shi labari.

Sa'an nan murhun kansa. Na duwatsu uku rabin wutarsa iska yake dafawa. In an kewaye shi da ginin laka, aka bar ƙofa ɗaya ta itace, dami zai daɗe ƙwarai. Busasshen itace za a sa, ɗanye hayaƙi ne kawai. Tokar kuwa kada a zubar a lungu, a tara a kai gona.

Jin ɗumi dai sai itace, gas bai dace da hirar dare ba, ɓarnar kuɗi ce. Amma a tsakar gida za a hura, nesa da dangar kara da rumbu. Kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, gama iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba.